An yi ƙarata da kiɗan da ni na naɗa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga cikin mota nake magana da ku a nan Bronx, don ranar sharar titi ce a layinmu, duk wanda ya bar motarsa a gefen da za a share zai dawo ya tarar da takardar tara a jikin gilashi. Tunda zaman jira ne, bari mu taɓa maganar da kuka yi ta tambayata a kai, wato abin da ya sami bidiyon taron Sallah.

Waɗanda suka daɗe da tashar nan sun san shi. Taro ne da 'yan uwa suka shirya a wani fili nan unguwa, mutanen Nijar da na Ghana da mu 'yan Najeriya, aka gayyato wani dattijo mai kalangu. Ni na riƙe kyamara, ni na maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga, da yardarsa. Bidiyon ya daɗe a tashar yana kawo ɗan abin da yake kawowa na talla. Rannan na buɗe YouTube Studio, shafin da mai tasha ke kula da bidiyoyinsa, sai na ga an liƙa masa alama: wani kamfani ya yi da'awar cewa sautin da ke ciki mallakarsa ne, saboda haka kuɗin talla daga yanzu aljihunsa za su riƙa shiga.

Ga shi nan, bari in juyo muku da wayar. Sunan kamfanin na rufe da yatsa, ba na neman wata sabuwar rigima. Kun ga wannan layin? Yana nuna daidai daƙiƙun da suka ce nasu ne, ga kuma sunan waƙar da aka ce na ɗauko. Na je na nemo waƙar na saurara. Wani matashi ne ya yi ta da kiɗan kwamfuta, a ƙarƙashin kiɗan kuma ga kalangun Baba yana tashi. Ba kama ba ce, shi ne. Har guɗar da wata baiwar Allah ta rangaɗa a bayana ranar tana ciki, ba su ko damu su goge ta ba.

Na kira dattijon na ce, "Baba, ko ka sayar wa wani da kiɗanka ne ban sani ba?" Ya ce, "Wane kiɗa kuma, ɗana? Ni da ko kuɗin motar ranar ku kuka haɗa mini?"

To, yaya aka yi wanda ya ɗebi kayana ya zama shi ne mai ƙara? YouTube na da wani tsari mai suna Content ID, tun 2007 yake aiki. Masu waƙoƙi da finafinai suna ba shi samfurin kayansu, shi kuma yana bin duk bidiyon da ke dandalin yana gwadawa. In ya ji abin da ya yi daidai da samfurin, sai ya aiwatar da zaɓin mai samfurin: a toshe bidiyon, ko a bar shi kuɗin talla su koma wurinsa, ko a riƙa ƙirga masa masu kallo kawai. Na'urar ba ta tambayar wa ya riga wani. Wanda ya kai samfuri shi ta sani. Ba kowa ke da mabuɗin shiga tsarin ba, lokacin da YouTube ta fara fitar da rahoto a kan wannan harka masu shi ba su wuce dubu tara da 'yan kai ba. Sai dai a cikinsu akwai kamfanonin dillancin waƙa, waɗanda ƙaramin mawaƙi zai biya su ɗora masa waƙa a Spotify da sauransu, ya danna wani akwati, shi ke nan waƙarsa ta shiga Content ID. Ƙa'ida ta ce kada ka saka abin da ba kai kaɗai ka mallaka ba. Amma wa ke zama ya saurari kowace waƙa kafin ta shiga?

Wannan ya shafi mawaƙanmu na gida ƙwarai. Mai situdiyo zai buga kiɗa ɗaya ya ba mutum uku. Wanda ya riga kai nasa wurin dillali shi zai wayi gari yana karɓar kuɗin tallan sauran biyun, wani lokaci ma har da na mai kiɗan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ku ɗauka ƙananan mutane kaɗai abin ke samu. A watan Agustan 2012, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora bidiyon saukar na'urarta Curiosity a duniyar Mars, aka toshe shi na ɗan lokaci saboda wani kamfanin labarai da ya haska hotunan ya shigar da su cikin nasa. A farkon 2018 wani masanin kiɗa a Ostareliya ya sami da'awa biyar a kan bidiyon awa goma wanda babu komai a cikinsa sai shuuu, irin ƙarar rediyon da bai kama tasha ba. Waɗannan a ce kuskuren na'ura ne. Akwai kuma na gangan. Wasu mutum biyu a birnin Phoenix na jihar Arizona sun kafa kamfani mai suna MediaMuv, suka ce su ne masu waƙoƙi sama da 50,000, yawancinsu na mawaƙan Latin Amurka. Daga 2017 zuwa 2021 sun kwashi kusan dala miliyan 23 kafin asirinsu ya tonu. A 2023 aka yanke wa ɗayansu ɗaurin wata 70. Shekara huɗu ana biyansu, masu waƙoƙin na zaune ba su san ana yi ba.

Ku ɗan dakata, ga motar sharar nan ta taho, bari in matsa mata. Yauwa.

Abu na farko da nake so duk mai tasha ya riƙe: da'awar Content ID daban, jan kunne daban. Da'awa ba ta taɓa lafiyar tasharka, bidiyo ɗaya ta shafa. Jan kunne kuwa yana zuwa ne idan wani ya aika takardar doka ya ce a sauke bidiyonka. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, shi ma sai ka yi ɗan darasin haƙƙin mallaka da suke sa mutum ya yi. In suka taru uku, tashar ta tafi da duk abin da ke cikinta. Na ga mutane da yawa suna ganin alamar da'awa sai gabansu ya faɗi, su goge bidiyon da suka sha wahala a kansa. Babu dalili. Shi jan kunne kuma, ko ka goge bidiyon yana nan daram.

In da'awa ce, za a ba ka zaɓi: ka yanke wurin, ka kashe sautinsa, ka sauya da wani kiɗa, ko ka ƙalubalanta. In da gaske waƙar mutane ka saka, ka yanke kawai, ka huta. Rubuta "ba ni da haƙƙin mallakar wannan waƙa" a ƙasan bidiyo ba ya kare kowa, hasali ma amsa laifi ne da hannunka. Cewa ka ambaci sunan mawaƙin, ko ka sayi waƙar, ko ba ka cin kuɗi da bidiyon, duk ba hujja ba ce a wurinsu. Ni kuwa nawa ne, don haka na ƙalubalanta nan take. Saurin yana da amfani: in ka yi cikin kwana biyar da shigar da'awar, ana riƙe kuɗin tallan tun daga ranar farko har a warware. In ka wuce haka, daga ranar da ka yi magana za a fara riƙewa.

Yanzu ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da ka rubuta hujjarka ka aika, wa kuke zaton zai karanta ya yanke hukunci? Wanda ya yi da'awar. Ba YouTube ba. Ana ba shi kwana 30. In ya ga dama ya janye, in ya yi shiru da'awar ta faɗi da kanta, in kuma ya ga dama ya danna cewa yana nan a kan bakansa, ba tare da ya nuna wa kowa takarda ko ɗaya ba. Nawa haka suka yi. Na ɗaukaka ƙara. Wa ke duba ɗaukaka ƙarar? Shi ne dai, sai dai wannan karon kwana bakwai gare shi, kuma hanya biyu ce ta rage masa: ya saki, ko ya aika takardar doka a sauke bidiyon, wanda ke nufin jan kunne a kaina. Wato duk matakin da ka hau don neman gaskiyarka, kai ne hatsarinka ke ƙaruwa.

YouTube na cewa ita ba kotu ba ce, ba za ta iya tantance wa ya mallaki me ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tushen abin dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira DMCA. Ta ce wa dandali: in aka kawo maka ƙorafi ka sauke abu da wuri, ba za a kama ka da laifin mai ɗorawa ba. To, duk kamfanin da aka gaya wa haka, ai saukewa zai fara yi, tambaya ta biyo baya.

In an kai ga jan kunne, makamin da ya rage shi ne takardar martani. A cikinta za ka rubuta cikakken sunanka na gaskiya, da adireshin gidanka, da lambar waya, ka rantse cewa kuskure aka yi, ka kuma amince a yi shari'a da kai a kotun tarayya ta Amurka. In kana wajen Amurka, kotun yankin da YouTube take kenan, a Kalifoniya. Ku duba wannan da idon yaron da ke Gusau ko Maraɗi yana ɗora bidiyo da wayar hannu. Sannan duk bayanan nan ana miƙa su ga wanda ya kai ƙararka. Yana da ranakun aiki goma ya nuna ya shigar da ƙara kotu, in bai yi ba a mayar da bidiyon. Mai da'awar ƙarya ba kasafai yake zuwa kotu ba, shi ya sa takardar ke aiki. Amma ya riga ya san ƙofar gidanka. Mu da ke zaune a ƙasar mutane mun san nauyin wannan, musamman ɗan uwan da takardunsa ba su gama daidaita ba. Lauya na iya aikawa a madadinka, in kana da kuɗin lauya.

Ba tsoro nake ba ku a banza ba. A 2019 YouTube da kanta ta maka wani mutum daga jihar Nebraska a kotu. Yana aika ƙorafin ƙarya a kan masu bidiyon wasan Minecraft har su sami jan kunne biyu, sai ya turo saƙo: ku biya ni, ko in ƙara na uku. A takardar ƙarar an ambaci cewa ɗaya daga cikinsu, bayan ya aika martani da adireshinsa, an yi wa 'yan sanda kiran ƙarya suka dira gidansa. An sasanta a kan dala 25,000 da neman afuwa a bainar jama'a. Saboda haka in wani ya ce ka turo kuɗi ya janye, kada ka tura ko sisi, ka adana saƙon ka kai rahoto. Haka in imel ya zo yana cewa za a rufe tasharka ka danna nan, kada ka danna. Ka shiga YouTube Studio da kanka, in da gaske ne za ka gani a can.

Dokar ta tanadi hukunci ga mai ƙorafin ƙarya, amma bin sa sai mai dogon numfashi. Wata uwa a Amurka, Stephanie Lenz, ta ɗora bidiyon daƙiƙa 29 na ɗanta yana rawa a kicin a 2007, waƙar mawaƙi Prince na tashi a bayansa. Kamfanin waƙoƙi na Universal ya sa aka sauke. Ta kai ƙara, sai a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole mai haƙƙi ya fara duba ko amfanin da aka yi da kayansa halastacce ne kafin ya nemi a sauke. Ba a rufe maganar ba sai 2018, lokacin yaron ya haura shekara goma.

Wani lissafi daga rahoton YouTube na rabin farkon 2021: da'awar Content ID sama da miliyan 722 a wata shida. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A cikin waɗanda aka ƙalubalanta kuma, kusan kashi 60 mai bidiyo ne ya yi nasara, sama da miliyan biyu kenan. Kamfanin na karanta wannan a matsayin shaidar cewa na'urarsa ba ta cika kuskure ba. Ni kuma ina tunanin mutum nawa ne ke da gaskiya amma suka ga maganar kotu da adireshi suka ce a bar wa Allah.

Nawa dai a matakin ɗaukaka ƙara suka saki. Abin da na rubuta bai wuce layi biyar ba: ranar da na ɗora bidiyon, ranar da waƙarsu ta fito wadda ta zo bayan tawa, daƙiƙar da guɗar take a wurina da daƙiƙar da take a wurinsu, da cewa ainihin fayil ɗin kyamara yana hannuna, ga kuma saƙon murya na Baba yana ba ni izini. Ban zagi kowa ba, ban yi roƙo ba. Kuɗin da aka riƙe sun dawo. Don Allah ku riƙa ajiye fayil na asali, kada ku goge don waya ta cika. In mai situdiyo ya buga muku kiɗa, ku sa ya rubuta ko a WhatsApp ne cewa naku ne ku kaɗai, ko kuma ya gaya muku wa da wa ya ba.

Sakin da suka yi bidiyona kaɗai ya shafa. Muddin samfurin yana cikin tsarin, duk wanda ya halarci taron nan ya ɗora nasa bidiyon zai iya cin karo da irin wannan da'awa. Na rubuta wa dillalin in nemi su cire shi gaba ɗaya, ina jiran amsa. In kana cikin waɗanda suka ɗauki kiɗan Baba ranar kuma alamar ta fito maka, ka yi mini magana in turo maka ranakun da hujjar da na yi amfani da su. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutanen gida.