Zoldo: Kwarin da Maƙera Suka Koma Masu Askirim

Assalamu alaikum, masu kallo. Barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi titin nan da ke murɗewa tsakanin duwatsu. Arewa maso gabashin Italiya ke nan, lardin Belluno, a yankin Veneto. Tsaunin da ya tokare sama can shi ne Pelmo, tsayinsa mita 3,168. Na ɗaya ɓangaren kuma Civetta, mita 3,220. A tsakaninsu wani ƙaramin kogi mai suna Maè ke gangarowa, ƙauyuka na maƙale a gefensa. Wannan shi ne kwarin Zoldo. Duka mutanen da ke zaune a cikinsa ba su wuce wajen dubu 3 ba, wato unguwa ɗaya a Kano ta ninka su sau da yawa. Amma in ka shiga shagon askirim a wani ƙaramin gari na Jamus, ka ga an rubuta Venezia (wato birnin Venice) ko Dolomiti (sunan tsaunukan wannan yanki) a saman ƙofa, akwai kyakkyawan zaton cewa asalin mai shagon daga wannan kwari ne, ko daga Cadore da ke maƙwabtaka da shi.

Yau za mu zaga ƙananan shagunan askirim na waɗannan garuruwa, irin wanda su ke kira jelato. Za mu ga abin da ya sa ɗanɗanonsa ya sha bamban da na kamfani, da yadda baƙo zai gane na kirki tun bai kai baki ba. Sai dai kafin mu ɗauki cokali, ya kamata mu san mutanen.

Asalin sana'ar Zoldo ƙira ce. Shekaru ɗaruruwa suna haƙo tama daga duwatsu, suna narkawa, ruwan kogi na juya musu manyan guduma. Abin da suka fi shahara da shi kuwa ƙusa ne, iri-iri, daga ta takalmi har ta jirgin ruwa, kuma birnin Venice ne babban mai saye. Babban ƙauyensu ma sunansa Forno di Zoldo, ma'anar forno kuwa ita ce tanderu. Har yau akwai gidan tarihi na ƙarfe da ƙusa a garin. Da ƙarni na 19 ya doshi ƙarewa, masana'antu suka fara zubo ƙusa da inji a kan araha, maƙerin hannu ya rasa kasuwa. Ƙasar kuma tudu ce da sanyi, noma ba ya ciyar da gida.

To me mutum zai yi? Abin da Bahaushe ya sani sarai: cin rani. Maza suka riƙa sauka birane suna tallar gasasshen ɗan itacen da ake kira kastaniya, da dafaffun 'ya'yan itace masu sukari. Wannan kaya ne na lokacin sanyi. Da zafi ya shigo sai a nemi abin da zai tafi da zafi, daga nan aka faɗa askirim. Suka tura kekunansu har Viyana, babban birnin Ostiriya. Da hukumomin birnin suka matsa wa masu talla a titi, sai suka fara kama ɗakuna haya suna buɗe shago. Daga can sana'ar ta watsu zuwa Jamus da Holan da gabashin Turai. Wani ya ja ƙanensa, ƙanen ya ja surukinsa, kamar dai yadda 'yan gari ɗaya kan mamaye sana'a ɗaya a Legas ko Kumasi. Wani ɗan Cadore ma, Italo Marchioni, har New York ya kai, inda a 1903 ya yi rajistar wani ƙarfe na gasa ƙananan kofunan da ake zuba askirim a cinye har da kofin.

Nasu cin ranin ya saɓa da namu a lokaci. Mu in an gama girbi ake fita, a dawo da saukar damina. Su kuwa wajen watan Maris suke rufe gidaje su tafi, sai Oktoba su dawo. Shekara da shekaru haka abin yake: wata bakwai ko takwas uwa da uba na can Jamus, tsaye daga safe har dare, yara kuma na gida wajen kakanni ko a makarantar kwana. Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda mahaifinsa ya taɓa tafiya kudu neman kuɗi ya san yadda yaro ke ƙirga watanni. Manyan gidajen nan da kuke gani, masu tagogi a rufe ruf, da kuɗin askirim aka gina su, kuma da yawansu rabin shekara ba kowa a ciki.

Yanzu mu shiga shago.

Abu na farko, a wasu shagunan ba za ka ga askirim ɗin ba sam. Sai dai murafe na bakin ƙarfe a jere a kan kanta, kamar tukwanen da aka binne. Sunan wannan tsari pozzetti. Kowane murfi akwai dogon kwano a ƙarƙashinsa, nutse cikin sanyi. Haske ba ya taɓa shi, iska ba ta busar da samansa. Mai shago ya yarda da kayansa har bai ga buƙatar ya yi maka ado da shi ba. Ba wai duk wanda ya baje nasa a bayan gilashi ne mai ha'inci ba, akwai gwanaye da yawa da ke bajewa. Abin lura shi ne tsayi. In ka ga askirim ya yi tozo, ya haura bakin kwano da kamu guda ko fiye, kuma yana tsaye bai narke ba, ka tambayi kanka me ke riƙe da shi. Sanyin firjin a ƙasa yake. Abin da ya tsaya a sama da shi bai zube ba, galibi an cika masa iska da mai da sinadaran daskarewa.

Abu na biyu shi ne launi, kuma a nan ne ido ke yaudarar mutum. Ga na fistashiyo nan, wata ƙwaya ce da ake ci kamar gyaɗa. Kun ga launinsa ya ɗan dushe, kore ne mai shiga ruwan ƙasa, kamar miyar kuka? Haka ainihin ƙwayar take in an gasa ta an niƙa. Wanda ka gani kore shar kamar ɗanyen ganye, rini ne. Ayaba ma haka: ɓawonta ne rawaya, cikinta in an markaɗa fari ne mai ɗan toka-toka. Lemon tsami fari ne. Mafi daraja a fistashiyon Italiya shi ne na Bronte, wani gari a gindin dutsen Etna mai aman wuta a tsibirin Sisili, kuma sau ɗaya ake girbe shi a shekara biyu. Shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma in ka ga an rubuta sunansa a kan mai araha ya kamata ka yi tambaya.

To me ya sa cokali ɗaya na jelato ke cika baki fiye da na kamfani? Abu uku ne suka haɗu, kuma babbansu iska.

Duk askirim akwai iska a cikinsa, in babu ita da dunƙulen ƙanƙara za ka samu. Amma yawanta ya bambanta. Injin kamfani na iya hura iska har lita ɗaya ta haɗi ta koma lita biyu. Rabin abin da ka saya ke nan iska ce. Injin ƙaramin shago a hankali yake juyawa, iskar da ke shiga ba ta cika wuce kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari ba. Gwada da hannunka: ɗauki roba biyu masu girma ɗaya, za ka ji ta jelato ta rinjayi ɗayar. Shi ya sa a Italiya in za ka tafi da shi gida, a kan sikeli ake ɗora maka, ka biya kuɗin nauyi.

Sai maiƙo. A Amurka doka ta ce kafin a kira abu askirim dole maiƙon madara ya kai kashi 10 cikin ɗari. Jelato ya fi dogara da madara a kan kirim, maiƙonsa yakan tsaya ƙasa da haka, tsakanin 4 da 9. Maiƙo in ya yi yawa yakan lulluɓe harshe, sai ɗanɗano ya daɗe bai iso ba. Na ƙarshe sanyi: na kanti ana ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili, jelato kuwa wajen 12. Tsananin sanyi na kashe harshe. Wanda ya ɗan sassauta, ƙamshinsa na tashi nan take. Dalilin ke nan da mai shago ba ya kwarfo shi dunƙule-dunƙule. Da faffaɗan cokali yake shafo shi, ya ɗan murza a gefen kwano, sannan ya ɗora a kan kofi kamar mai yaɓe.

Ku leƙa bayan shagon tare da mu. Ɗaki ne ƙarami, tas da shi. Da sassafe ake haɗa madara da sukari da ɗan kirim, a wasu nau'o'in har da gwaiduwar ƙwai, wadda mutanen wannan yanki ke so ƙwarai. A dafa haɗin ya kai digiri 85 don kashe ƙwayoyin cuta, a sauko da shi da sauri zuwa digiri 4, a bar shi ya huta na sa'o'i. Sannan a zuba a injin da ke daskarar da shi yana kankare bango ba tsayawa. Sirrin yana cikin kankarewar. In ruwa ya daskare a zaune, manyan tsakuwoyin ƙanƙara yake yi, ka ji su ƙurus-ƙurus a haƙori. In ana motsa shi, ƙanana yake yi har harshe ba ya jin su. Sukari ma ba don zaƙi kaɗai yake ciki ba, shi ke hana haɗin ya sandare gaba ɗaya. In an rage shi da yawa abin ya zama dutse, in an zarce ya ƙi kamawa. A nan gwani ke fita daban da ɗan koyo.

Kafin wutar lantarki, da hannu ake duk wannan. Ga tsohon kayan aikin: garwar katako, a tsakiyarta tukunyar ƙarfe, a kewaye a cusa dakakkiyar ƙanƙara da gishiri. Gishirin ne ke sa ƙanƙara ta narke tana zuƙe zafi daga tukunya, har sanyi ya iya kai wa kusan digiri 21 ƙasa da sifili. Mutum ɗaya na juya tukunya, wani na kankarewa da doguwar muciya, kamar mai tuƙa tuwon biki. Damtsen da ya saba da guduma bai sha wuyar muciya ba. A 1927 ne wani ɗan birnin Bologna na Italiya, Otello Cattabriga, ya ƙera injin da ke kwaikwayon wannan motsi na hannu. A lokutan bukukuwa, dattawan Zoldo kan fito da garwar su yi a gaban jama'a don yara su gani.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. In ka je irin wannan shago, ka yi tambaya kafin ka nuna da yatsa. Nau'in da ake kira zabaione da giyar Marsala ake haɗa shi. Malaga kuma busasshen inabi ne da aka jiƙa a barasa. Nau'in tiramisù ma wani lokaci ana sa masa barasa. Amfanin ƙaramin shago ke nan: wanda ke miƙo maka kofi sau da yawa shi ne ya haɗa da safe, ko matarsa, ko 'yarsa, don haka amsa a bakinsa take. In kana so ka gwada gwanintar shago ba tare da wata shakka ba, nemi fiordilatte. Madara ce da sukari da kirim kawai, ba abin da zai ɓoye aibi. Kamar yadda ake gane mai nono daga kindirmonta ne tun ba a dama fura ba.

A bakin kwarin, inda Maè ke shiga kogin Piave, akwai garin Longarone. A nan ne tun 1959 masu jelato ke yin baje kolinsu na duniya, a ƙarshen shekara, lokacin da 'yan cin rani suka dawo gida suna shirin baɗi. Ku lura gine-ginen garin kusan duk sababbi ne, ba irin tsofaffin gidajen dutse da muka baro a sama ba. Daren 9 ga Oktoba 1963, da ƙarfe 10:39, gefen dutsen Toc ya zaftare ya faɗa cikin tafkin madatsar ruwa ta Vajont da ke saman garin. Madatsar ba ta fashe ba, tana nan tsaye har yau, ga ta can a tsagin dutse. Ruwan ne ya tsallake ta, ya auka wa Longarone cikin 'yan mintuna. Mutum kusan 2,000 suka rasu a garin da ƙauyukan kewaye. Waɗanda suka rage suka sake gina garin, baje kolin ma ya ci gaba.

Yau abubuwa sun sauya. Jikokin waɗancan maƙera da yawa an haife su a Jamus, sun yi karatu, wasu ba sa son tsayuwar wata takwas a bayan kanta. Shagunan da dama sun koma hannun wasu baƙin, daga wasu ƙasashe, waɗanda suka fara a matsayin yaran shago. Wasu iyalan kuma sun dawo gida dungurungum, sun buɗe ɗan shago a ƙauyen kakanninsu, suna sayar wa masu hawan dutse da ke zuwa tun bayan da UNESCO ta sa tsaunukan Dolomiti cikin kayan tarihin duniya a 2009, da ma kafin nan.

Irin wannan shagon ne muke ciki yanzu. La'asar ta yi, inuwar Pelmo ta fara rufe titi. Yara uku sun shigo da kekunansu, mai shago bai tambaye su abin da suke so ba, ya riga ya ɗaga murfin da ya dace da kowannensu. Namu kofin ga shi nan, fiordilatte a ƙasa, fistashiyo a sama, har ya fara narkewa ta gefe.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.