Karyayyen noti: me ya sa ekstirakta take karyewa a ciki?

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan wani irin gajeren bidiyo ya cika Facebook da TikTok. Noti ya karye a cikin ƙarfe, sai a ga hannu ya shigo da diril ya huda shi, ya cusa wani siririn ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki, wato ekstirakta, ya juya hagu, guntun notin ya biyo shi salin-alin. Ko minti ɗaya ba a yi ba an gama. Tun daga nan saƙonninku suke shigo mana da kuka iri ɗaya: na sayi ekstirakta, na gwada, ta karye a ciki.

[Tof silindar Golf, wato kan injin, a kan benci, a wani gareji a Sabon Gari. Kyamara ta matso kan ramin sitod, wato noti marar kai mai zare a gefe biyu.]

Ga irinta nan. Wannan gefen ne manifol ɗin salansa, bututun da ke kwashe hayaƙi daga injin, yake ɗaurewa. Ɗan abin nan mai ƙyalli da kuke hangowa a tsakiya, bakin ekstirakta ne ya tsaya. Ku ji ƙarar da diril yake yi a kansa. Zamewa kawai yake, ko ƙwarzane bai yi masa ba, domin ƙarfen ekstirakta yana da taurin da bakin diril na yau da kullum ba ya iya cinsa. Aikin da za a gama kafin azahar ya koma na kwana biyu, motar kuma da ita mai ita yake ciyar da iyali a hanyar Zariya zuwa Kaduna.

Tambayar da masu waɗancan bidiyoyi ba sa yi ita ce: ta yaya notin ya karye tun farko?

Karyewa iri biyu ce. Akwai notin da aka ɗaure shi fiye da kima, ko girgiza ta cinye shi, kansa ya fita. Guntun da ya rage a ciki ba abin da ya riƙe shi, don da kan ya fita nauyin da ke kan tiredi, wato zaren jikin notin, ya tafi. Irin wannan wani lokaci da kurfi da 'yar guduma ma ana juyo shi. Mafi yawan abin da ake nuna muku a waya irinsa ne, ku duba tiredin da kyau za ku gan shi fes, ba ɗigon tsatsa. A nan ekstirakta sarauniya ce.

Na biyun shi ne wanda ya karye ana cikin kwance shi. An sa sifana, ya ƙi. An ƙara bututu a kan sifanar, yaro ya hau da ƙafa, sai ji kake ƙas. Wannan tsatsa ce ta kama shi, kuma karyewar kan ba ta rage mata ƙarfi ko kaɗan ba. Tana nan yadda take.

[Hannu riƙe da sitod da ekstirakta gefe da gefe.]

To ku dubi waɗannan biyun. Sitod ɗin kaurinsa milimita 8 ne. Ekstiraktar da za ta shiga cikinsa, inda take kamawa bai fi milimita 4 ba. Ƙa'idar injiniyoyi ce, ko ɗalibin Nuhu Bamalli ko na ABU ka tambaya zai lissafa maka: idan ƙarfe iri ɗaya ne, aka rage kaurin sanda zuwa rabi, juriyarta ga murɗa ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin 8 take komawa. Gaskiya ne ƙarfen ekstirakta ya fi na sitod ƙarfi, amma bambancin bai kai ya cike wannan giɓi ba. Sannan ƙarfe mai tauri irin nata ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. Abin da cikakken noti mai kauri ya kasa juyawa har ya karye, shi kake so wannan 'yar siririya ta juya? Ba za ta iya ba, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Sai ka fara karya ƙarfin tsatsar tukuna.

Bari mu bi matakan farko da sauri, hoto zai yi bayani. Tabarau a ido. A goge saman guntun da magagari ya daidaita. A kafa kurfi a tsakiya cif, a buga. In alamar ta kauce, a karkata kurfin a kora ta tsakiya kafin diril ya taɓa wurin. A fara da ƙaramin baki, milimita 2 ko 3, a hankali, da ɗigon mai, diril a miƙe. Kun ga salatif ɗin da aka naɗa a jikin bakin? An auna zurfin ramin da ke kusa ne aka yi alama, don a bayan wasu ramukan akwai hanyar ruwan injin, wanda ya zarce ya jawo wa kansa sabon aiki. In kana da bakin diril mai juyawa hagu, yi amfani da shi, sau da yawa yana cikin hudawa guntun zai kamu ya fito da kansa.

Yanzu mu tsaya. Nan ne wurin.

Abin da zan faɗa ba shi da hoto, don a cikin ƙarfe yake faruwa, sai dai ku saurara. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Idan ta taru tsakanin tiredi da tiredi, sai ta cike 'yar tazarar da ke wurin ta matse. Idan kuma ƙarfe ne a cikin alminiyom, irin wannan tof silindar, ga danshin damina ga zafin salansa kullum, sai ka ga wani farin gari ya fito, shi ma riƙonsa ba wasa ba. Abu uku ke karya wannan riƙo: zafi, bugu, da mai. Sai na huɗu da ya fi su wahalar samu a gareji, wato haƙuri.

[Mai walda ya kunna wutar gas, yana zagaya ramin.]

Ku lura da inda Oga yake kai wutar. Jikin alminiyom ɗin da ke kewaye da ramin yake zagayawa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe yake yi, saboda haka ramin zai ɗan saki sitod ɗin, tsatsar ta tsattsage. Amma a kiyaye, alminiyom ba ya yin ja kafin ya narke. Yana kaiwa wajen digiri 660 sai dai ka ga wurin ya zube. Ɗumama shi ake yi, ba gasawa ba. In a jikin mota ko babur ake aikin, a nisanta tiyon fetur da wayoyi, in da hali a sauke tanki.

An kashe wuta, an bari ya ɗan huce. Yanzu mai. WD-40 ko wani man kwance tsatsa, a kewayen guntun da cikin ramin da aka huda. Kada a fesa wuta na ci, kamawa yake yi. Na san da yawa a garejinmu man birki suke zubawa. Ni dai ban fiye so ba, don yana cin fenti, ga shi in ya taɓa ido ba daɗi. Sai bugu: kurfi mai faɗin baki a kan guntun, ƙananan bugu masu yawa, ƙwas ƙwas ƙwas. Girgizar ce take buɗe wa mai hanya. Daga nan a tafi. A je a yi salla, a sha shayi, a dawo a sake zagaye na biyu. In sitod ɗin ya shekara goma a wurin, a bar shi ya kwana da mai. Mai mota zai yi ta leƙowa yana cewa Oga yaya dai, a ba shi kujera da ruwan sanyi, a nuna masa wancan na kan benci, zai zauna lafiya.

[Ana ƙara girman ramin, sannan a kawo ekstirakta da abin juya ta.]

Girman rami: kusan rabin kaurin notin, kuma a bayan kwalin akwai jadawali, a duba. Wasu suna ganin in suka yi babban rami suka sa babbar ekstirakta sun yi dabara. To ku tuna bakinta tsukakke ne, tana yin kauri zuwa sama. Kamar ƙarfen da mai faskare yake kafawa a tsagar itace, duk shigar da ta yi buɗa ƙarfen take yi. Idan bangon guntun ya yi siriri, sai ya kumbura ya ƙara manne wa tiredin. Kana juyawa kana ƙara ɗaure shi da hannunka.

A ɗan buga ta ta zauna, sau biyu ko uku, ba da ƙarfi ba. Sannan ku dubi abin da Oga ya ɗauka: mariƙi mai hannu biyu, irin na yanka tiredi. Sifana gefe ɗaya take ja, tana murɗawa tana lanƙwasawa, kuma lanƙwasar nan ita ta fi kashe ekstirakta. Diril ko injin iska kuwa, ko kusa.

Ku kalli yatsunsa. Bai damƙe ba, tafin hannu ne kawai a kan mariƙin. Yana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan. Idan guntun zai motsa, za ka ji ɗan ƙis, sai nauyin ya ragu. Idan kuma ka ji mariƙin yana ɗan tafiya, da ka sassauta ya dawo inda yake, to ba notin ne ke juyawa ba, jikin ekstiraktar ne ke murɗewa. Tsaya nan. Wallahi tsakaninka da karyewa saura ƙiris. Juya ta dama ka cire, ka koma kan wuta da mai.

Ga shi ya ji hakan, kun ga ya cire. Zagaye na uku.

[An gaggauta hoton. Wuta, mai, bugu. An mayar da ekstirakta.]

Ƙis. Kun ji? Alhamdulillahi. Bai yi gaggawar zare shi ba, ya ƙara mai, yana bi a hankali har ya fito. Ku dubi farin garin da ke jikin tiredin, shi ne ya karya sitod mai milimita 8.

Ra'ayina, in akwai ko ɗan tsinin da ya leƙo waje, kada ma a fara da ekstirakta. A ɗora noti mai rami a tsakiya a kai, mai walda ya cika tsakiyarsa, a bari ya huce a sa sifana. Zafin waldar yana kashe tsatsa, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom. A dai cire kan batir tukuna in a jikin mota ne. Idan duk an yi ya ƙi, sai a huda guntun gaba ɗaya da baki mai milimita 6.8, wanda shi ne ma'aunin ramin tiredin milimita 8 na yau da kullum, a tsince ragowar, a bi da abin yanka tiredi. Tiredin ya lalace? Akwai Helicoil, wata naɗaɗɗiyar waya mai siffar tiredi, ana sa shi ya dawo da ramin ma'auninsa na asali.

Wanda kuma tasa ta riga ta karye a ciki, don Allah ya daina ƙona bakunan diril a kanta, garin neman gira kada a rasa ido. Wani lokaci walda tana kamo guntun a zaro shi, wani lokaci sai bakin diril na kabaid, mai tsananin tauri. Ya sauke tof silindar ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, su suke da abin da zai riƙe ta a miƙe.

[Sabon sitod a hannu.]

Kafin a mayar da sabo, a busa ramin da iska ya fita tas, a shafa wa tiredin ɗan giris mai jan ƙarfe, irin mai jure zafi. A fara ɗaura shi da yatsu. In ya ƙi shiga da yatsu, tiredin bai gyaru ba, a fito da shi a sake bi.