Jawabin Maraba Daga Tsoffin Makanikan Skyraider na Njamena

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Babban baƙonmu, hafsan sojan sama da ya taso mana daga Najeriya, ranka ya daɗe. Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan mazan jiya, assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa Njamena. Mun san aikin rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi ne ya kawo ka, tunda a garin nan hedikwatarta take, mun kuma san lokacinka a ƙirge yake. Amma da aka gaya maka akwai wasu dattawa a cikin unguwa da suka taɓa yi wa jirgin yaƙi hidima, sai ka ce ba za ka koma ba sai ka gan su. Zumunta a ƙafa take, kai kuwa ka tako. Allah ya saka da alheri.

Waɗannan da kake gani a sahun gaba, wani da sanda wani da tabarau, babu matuƙi ko ɗaya a cikinsu. Mu mutanen ƙasa ne: masu sifana, masu zuba mai, masu ɗaura makami a ƙarƙashin fiffike. Idan ka yi musu magana ka ga sun karkato da kai, kada ka ɗauka rashin ladabi ne. Kunnuwan nan injin Skyraider ne ya cinye su.

Yaran da ke tsaye a baya ba su san shi ba, don haka ka yi mini izini in gabatar da shi. Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera shi. Ya fara tashi a watan Maris na 1945, Yaƙin Duniya na Biyu na dab da ƙarewa, saboda haka bai samu shiga wancan yaƙin ba. An ci gaba da ƙera shi har 1957, jimilla guda 3,180. Ya yi yaƙin Koriya, ya yi na Biyetnam. Faransa ta saye shi saboda yaƙin Aljeriya, da wannan ya ƙare a 1962 sai ta rarraba shi zuwa Jibuti da Madagaska da nan Chadi. Lokacin da na fara ganinsa garin nan sunansa Fort-Lamy, sai a 1973 ya koma Njamena. An riga an yi boren Mangalme a 1965, an kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Frolinat a Nyala ta Sudan a 1966, Shugaba Tombalbaye kuma ya nemi taimakon Faransa. Abin da ya kawo jirgin ke nan. Abin da ya kai mu wurinsa kuwa neman abinci ne: muna samari, an ce ana ɗaukar leburori a sansanin jiragen sama, muka je. Daga wanke-wanke da tura ganga aka fara miƙa mana sifana. Bayan sojan Faransa sun fice a 1975, Chadi ta samu nata jiragen a 1976, wasunmu suka ci gaba da aiki a kansu da kakin ƙasarsu.

Yallaɓai, kai ka tashi a zamanin jiragen jet masu sulɓi. Wannan ba haka yake ba. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, hancinsa a sama, wutsiyarsa a ƙasa kan 'yar ƙaramar taya. A hancin nan akwai inji mai silinda 18 a jere cikin zobe biyu, ƙarfinsa ya kai na dawaki 2,700, yana juya farfela mai ganye 4. Kowace silinda fulogi biyu, wato fulogi 36 ke nan, kuma na ƙasa ba ka kai gare su sai ka murɗe jikinka kamar mai shiga rijiya. Bindigogi 4 masu milimita 20 suna cikin fukafukai, wuraren rataye makami kuma 15, yana ɗaukar kaya na kusan kilo 3,600. An yi shi ne don tashi daga kan jirgin ruwa, shi ya sa fukafukansa ke naɗewa sama kamar mai ɗaga hannu yana addu'a. Ranar da na fara ganin haka, a ƙasar da ba ta da teku, na daɗe a tsaye baki buɗe.

Abin da ba za mu taɓa mantawa ba shi ne baƙin mai. Jirgin nan yana shan baƙin mai, yana zubar da shi, yana fesa shi. Duk yadda ka goge gefensa, da ya dawo za ka tarar da baƙin zane daga bututun hayaƙi har bayan fiffike. Matanmu sun san sabulu ba ya fitar da shi daga tufa. Da asuba, kafin a tayar da inji, sai an juya farfela a hankali, domin cikin dare mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa, idan kuwa aka kunna shi a haka sai ƙarfe ya lanƙwashe a ciki. Sannan a tayar. Zai yi tari sau biyu ko uku, ya tofar da farin hayaƙi, sai ya kama, ƙasa ta ɗauki rawa har cikin haƙoranka. Fetur ɗinsa launin shunayya ne. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa, ƙura ta shiga ko'ina, aikinmu ya ninka. A Faya-Largeau da tsakar rana ba ka ɗora tafin hannu a kan fiffike sai da tsumma.

Irin da aka kawo nan yana da wani ɗan ɗaki a cikinsa, bayan matuƙi, da ƙofa a gefe. A nan ake cusa makanike da akwatin kayan aikinsa idan za a tafi Mongo ko Abeshe ko Faya. Wani ɗan'uwanmu, Allah ya jiƙansa, ya fi kowa shiga ɗakin nan. Yakan gaya mana cewa a ciki babu abin da kake ji sai injin, kuma da kunne yake gane fulogin da ya fara gajiya tun kafin a sauka. Sau da yawa mukan buɗe mu tarar da gaskiyarsa. Ya rasu da wannan ilimi a kansa, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya.

Amurkawan da suka tuƙa shi sun rubuta nasu. A wurinsu har yau ana ba da labarin Manjo Bernard Fisher, wanda a ranar 10 ga Maris 1966 ya saukar da Skyraider ɗinsa a filin A Shau na Biyetnam ana ruwan harsashi, ya ɗauko abokin aikinsa da aka harbo, ya tashi da shi. Ana ba da labarin yadda jirgin farfela ya kakkaɓo jet ƙirar MiG-17. Suna yabonsa da abin da mu ma muka gani: yana daɗewa a sama yana shawagi a kan sojan ƙasa, yana shan harbi ya dawo gida. Mun sha ƙirga ramukan harsashi a cikinsa muna liƙewa.

Akwai kuma abin da ya zama dole in faɗa a gaban malamai. Rokokin da muka ɗaura da hannunmu a ƙasar Chadi suka sauka, a kan 'yan Chadi. Jirgi yakan tafi da nauyi ya dawo fayau, mu kuwa ba a gaya mana inda ya sauke. A cikinmu akwai wanda dangin matarsa ke arewa a lokacin. Na ga ranar da ya gama ɗaura makami ya koma bayan ganguna ya zauna, ya kasa cin abinci. Mun yi aikinmu da amana, amma har yau idan mun haɗu bayan sallar Juma'a muna roƙa wa duk wanda ya mutu a yaƙin nan gafara, ta kowane ɓangare, muna kuma roƙa wa kanmu.

Mun ji cewa farfela ta dawo. Mun ji Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi masu farfela ƙirar Super Tucano guda 12 a 2021, suna zaune a Kainji, kuma an ce idonsu ya fi na jirginmu gani nesa ba kusa ba. To ranka ya daɗe, ga roƙonmu. Ka gaya wa matuƙanka su yi amfani da wannan ido sosai kafin su saki abin da ke ƙarƙashin fiffike, domin masunci da makiyayi da mai noman rani duk suna bakin tafkin nan. Yaran da ke kwana a ƙarƙashin jirgi da sifana kuma, ka riƙa sanin sunayensu, ka sa a ba su abin toshe kunne, ka tambayi halin da suke ciki bayan sun ajiye aiki. Sannan idan akwai wani matashi a cikin jami'anka mai son tarihi, ka turo mana shi da na'urar ɗaukar murya ya zauna da mu ko na mako guda. Mun fi haka yawa bara.

Ba mu da abin da ya dace da girmanka. Ga wannan fulogi, ɗaya daga cikin 36 ɗin nan ne. Ya ƙone aka jefar, na tsince shi ina saurayi, yana cikin akwatina tun daga lokacin. 'Yan'uwana sun yarda in miƙa maka shi da sunansu baki ɗaya. Ga ruwa, ga shayi ya nuna, bismillah. Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya mayar da kai gida lafiya ka tarar da iyali lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah.