Mafarkin Ambaliya da Girgizar Ƙasa: Me Ya Sa Yake Dawowa?

Malama: Barkanmu da war haka, masu saurare. Yau za mu tattauna kan mafarkin nan da ke dawo wa mutum dare bayan dare: ruwa ya ci gari, ko ƙasa na girgiza, yana son gudu amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Dakta, me ke riƙe ƙafar?

Dakta: Jikin ne a kulle, Malama. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, kuma a cikinsa akwai matakin da idanu ke motsi da sauri alhali suna rufe. A nan ake yin mafarkai masu ƙarfi, a nan ne kuma ƙwaƙwalwa ke hana tsokokin hannu da ƙafa motsi, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Matakin yana ƙara tsawo da goshin asuba, shi ya sa mugun mafarki ya fi farkar da mutane a ƙarshen dare.

Malam: To maimaituwar fa, Dakta?

Dakta: Yawanci damuwa ce da ba ta samu mafita ba, ko firgicin abin da mutum ya gani da idonsa. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa yankin San Firansisko a Amurka a 1989, an gano kusan kashi 40 cikin 100 na ɗaliban da aka bincika a can sun yi mafarkin girgizar ƙasa, a jihar Arizona kuwa kashi 5 kacal. Amma a duba lafiyar jiki ma. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa a barci yakan ga kansa yana nitsewa a ruwa. Wasu magungunan hawan jini irin su furofaranolol, da daina maganin damuwa kwatsam, da barasa, duk suna iya kawo mugun mafarki.

Malama: Idan ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, yaya za a yi?

Dakta: Akwai hanyar da likita Barry Krakow da abokan aikinsa suka gwada, kuma tana aiki. Da rana, ki rubuta mafarkin a takarda. Sai ki sauya shi yadda kike so: ruwan ya janye, ko kin samu tsani kin haye. Kullum ki zauna minti 10 zuwa 20 ki rufe ido kina kallon sabon labarin a zuci, har da sautinsa. Inda ake kuskure shi ne a fara da mafarkin da ya fi muni, ko a riƙa maimaita tsohon maimakon sabon, ko a gaji bayan kwana uku. Sai an yi makonni kafin a ga canji.

Malam: Wannan atisayen shi ne dai abin da ke ceton rai a farke. Masanin halayyar ɗan Adam John Leach ya nuna cewa idan bala'i ya auku, kusan kashi uku cikin huɗu na mutane daskarewa suke yi, ba ihu ba gudu. Ƙwaƙwalwa tana neman abin yi, ba ta samu wanda ta saba ba. Natsuwa ba baiwa ba ce, sabo ne.

Malama: Malam, kawo mana shi dalla-dalla.

Malam: Numfashi tukuna. Ki shaƙa kina ƙirga huɗu, ki fitar kina ƙirga shida, sau uku ko huɗu. Fitarwar mai tsawo ce ke rage bugun zuciya. Sannan aiki ɗaya tak. In girgizar ƙasa ce, ki durƙusa, ki shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ki riƙe ƙafarsa. Kada ki ruga waje, domin abin da ke faɗowa daga gini shi ya fi raunata mutane. In gobara ce, ki rarrafa, hayaƙi sama yake taruwa. Ruwa kuwa shi aka fi rainawa, kuma abin yana damu na ƙwarai: ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota. A nemi tudu, kada a ce za a ratsa.

Dakta: Kuma yana da kyau a haɗa jakar gaggawa.

Malam: Sosai. Ruwan sha lita huɗu ga kowane mutum a rana, na kwana uku, da tocila, da magungunan da ake sha kullum, da muhimman takardu cikin leda. A kuma tsayar da wurin haɗuwa da iyali, kowa ya taka da ƙafarsa ya je ya gani, har da yara.

Malama: Dakta, yaushe ne ya kamata a je asibiti?

Dakta: Idan mafarkin na zuwa duk mako har mutum na tsoron kwanciya, ko ya wuce wata guda bayan wani bala'i na gaske. Haka nan idan mai barcin yana naushi ko shuri da gaske, domin wannan na nufin kullewar nan ta jiki ba ta aiki, kuma sai an yi masa gwajin barci.