Bizar Umara ta intanet da fasfon Suwidin, yadda za ka nema da kanka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bidiyon yau na 'yan uwanmu ne da ke zaune a Suwidin, Stockholm ne ko Malmö ko Göteborg ko ma can arewa inda rana ke ɓuya da hunturu, waɗanda Allah ya sa suka samu shaidar zama ɗan ƙasa, fasfon Suwidin na hannunsu. Tambayar da ake ta turo min ita ce, Malam ina son zuwa Umara, wane ejan zan ba fasfo na? Ni kuma amsata ɗaya ce, ba sai ka ba kowa ba, kana zaune a falonka da wayarka za ka gama komai in sha Allahu.

Tun watan Satumba na 2019 Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet ga ƙasashe 49, kuma Suwidin na cikinsu tun ranar farko. Bizar tana aiki shekara ɗaya, za ka iya shiga ka fita sau da yawa, zaman da aka yarje maka kwana 90 ne, kuma an halatta yin Umara da ita. Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan jerin, shi ya sa nake cewa fasfon Suwidin za ka ɗauko, koren fasfon nan ka ajiye shi a durowa tukuna. Riƙe guda biyun ba laifi ba ne, tun 2001 Suwidin ta yarda mutum ya zama ɗan ƙasa biyu. Amma fa ɗan ƙasa nake nufi, wanda takardar zama kawai yake da ita tasa hanyar daban ce, za mu yi mata bidiyonta.

Kafin ka taɓa kwamfuta buɗe fasfon ka duba ranar ƙarewarsa. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, saboda fasfon Suwidin shekara 5 kacal yake yi ga babba, na yaron da bai kai 12 ba kuma shekara 3, ita kuma Saudiyya tana son ya rage aƙalla wata 6 daga ranar da za ka shiga ƙasar. In ya kusa ƙarewa je ka kama layi wurin 'yan sanda, su ne ke ba da fasfo a can, duk wanda yake Suwidin a 2022 ya san irin wahalar da aka sha kafin a samu ranar ganawa. Kada ka nemi biza da tsohon fasfo da niyyar sabuntawa daga baya, bizar a ɗaure take da lambar fasfon da ka rubuta, in lamba ta canza sai ka sake sabuwa ka sake biya.

To ga shafin nan a kan allo, visa.visitsaudi.com, ku kalle shi da kyau. In ka rubuta neman bizar Saudiyya a Google, sau da yawa na saman nan talla ne na 'yan tsakani, sun yi ado da tuta da hoton Ka'aba, fam ɗin nan dai za su cike maka su ɗora nasu kuɗin a kai, ga shi kuma ka miƙa musu hoton fasfonka da lambar katinka. Wallahi abin yana min ciwo, kuɗin da mutum ya tara da gumi a cikin sanyin nan.

Za ka buɗe asusu da imel ɗinka, su turo maka saƙo ka tabbatar, sannan ka fara cikewa. Sunanka ka kwafe shi harafi bayan harafi yadda yake a fasfo, in Mohammed aka rubuta kada ka gyara shi ya koma Muhammad don kana ganin shi ne daidai. Masu mata ko 'ya'ya da ke da sunan Suwidin mai haruffan nan å, ä, ö, ku dubi layuka biyu na ƙasan shafin hoto waɗanda na'ura ke karantawa, a can å ta zama AA, ä ta zama AE, ö ta zama OE. Wurin ɗan wace ƙasa ka zaɓi Suwidin, wurin haihuwa kuma ka faɗi gaskiyarka, Kano ce ko Damagaram ko Kumasi, ba abin da zai hana.

Hoto na kwanan nan, bayansa fari, fuska a bayyane, mata da hijabinsu ba matsala. Ƙaramin hoto mai kusurwa huɗu daidai shafin yake karɓa, in ya ƙi hawa yawanci girma ya yi masa yawa, rage shi ka sake gwadawa. Sai adireshin otal ɗin da za ka sauka da ranar da kake sa ran isa.

Kuɗin bizar kanta riyal 300 ne, sai inshorar lafiya ta dole da ake ɗorawa a kai, jimillar za ta fito maka kafin ka danna biya. Da katin banki ake biya, Swish, manhajar biyan kuɗi ta waya ta Suwidin, ba ya aiki a nan, ka riƙe BankID ɗinka, wato shaidarka ta intanet, kusa don bankinka zai iya neman ka amince. In an ƙi ba ka biza kuɗin ba ya dawowa, saboda haka sake karanta fam ɗin tun daga sama. Yawanci ba a daɗewa take faɗowa a imel, amma duk da haka kada ka bari sai daren tafiya. Ka buga ta a takarda, ka kuma ajiye a waya. Yaran da ba su kai 18 ba kai za ka nema musu ta asusunka, kowa da tasa bizar.

Yanzu ku ba ni hankalinku, Alhazai da Hajiyoyi. Wannan biza ba ta Hajji ba ce. Na san akwai masu cewa ai sai ka shiga da wuri ka laɓe a Makka har ranar Arfa, don Allah ku rufa wa kanku asiri. Idan lokacin Hajji ya matso ana hana masu bizar ziyara shiga Makka gaba ɗaya, a 2025 tarar da aka sanar ga wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora da hana shiga ƙasar shekara 10. Mazaunin Suwidin da ke son sauke farali ta dandalin Nusuk Hajj yake yin rajista, wannan kuma wani tsari ne mai zaman kansa.

Mu koma kan Umara, biza na fitowa ka sauke manhajar Nusuk a wayarka ka yi rajista da lambar bizar da ta fasfo, a nan ake kama lokacin Umara da na shiga Rauda a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na Rauda yana saurin cika, musamman da azumi, kama naka tun kana Suwidin. In kuma ta Istanbul ko Doha za ka bi zuwa Jidda kai tsaye don Umara, haraminka ya kasance a jakar hannu, domin jirgi zai ratsa miƙati kana sama.