Amsoshin Tambayoyinku: Tsagewar Bango, Tsatsar Rodi da Ba Kankare Ruwa

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau saƙonnin masu gini ne suka cika mana tebur, ga kuma injiniyan gine-gine tare da ni. Injiniya, bari mu fara da gajeru. Wani na tambayar kwana nawa ake ba kankare ruwa bayan an zuba.

Injiniya: Aƙalla kwana 7, safe da yamma, ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Da ruwa ne siminti ke kamawa, kuma sai a kwana na 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Mai gabatarwa: Wani kuma ya ce leburorinsa na son kwaɓi mai ruwa-ruwa, wai ya fi sauƙin zubawa.

Injiniya: Su ne ya fi wa sauƙi. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya sha fiye da lita 25, a rage ma idan yashin jiƙe yake. Rarar ruwan ƙafewa take yi ta bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren.

Mai gabatarwa: To ga wadda ta fi yawa a saƙonninmu. Wata baiwar Allah ta ce bangon ɗakinta ya tsage tun daga kusurwar taga, sau uku ana shafe shi da siminti yana sake buɗewa. Hajiya, sau uku fa! Ai tun a na biyu ya kamata ki rubuto. Injiniya, ginin zai faɗi ne?

Injiniya: Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. A fara duba faɗinta. Siririya kamar gashi, ƙasa da milimita 1, wadda ta bazu a fuskar bango kamar saƙar gizo, yawanci filasta ce ta bushe da gaggawa ko siminti ya yi mata yawa. Idan ta kai milimita 5, kusan kaurin tsinken ashana biyu, a kira injiniya. Idan ƙaramin yatsa na shiga, wato wajen milimita 15, kada a kwana a kai. Sai kuma hanyar da ta bi. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta karkace, tana bin layin bulo kamar matakalar bene, sama ta fi ƙasa buɗewa, tana nuna wani ɓangare na fandisho ya zauna. Sau da yawa ƙofa ma za ta fara cijewa. Irinta nake zargi a gidan Hajiya.

Mai gabatarwa: Me ke sa fandisho ya zauna?

Injiniya: Ruwa ne kan gaba. Bututu na yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ko ruwan rufi na zuba a gindin bango. Akwai ciko da ba a daɓe ba aka ɗora gini a kai. Akwai ƙasa mai laka, ta kumbura da damina ta tsuke da rani, ginin na hawa da sauka tare da ita. Babbar bishiya kusa da bango ma na tsotse danshin lakar. Amma kafin a taɓa komai, a gano ko tsagar na motsi. A ja layi da fensir a inda ta ƙare, a rubuta kwanan wata, a liƙa ɗan kwaɓin siminti a kanta wuri biyu ko uku. Idan ta wuce layin, ko liƙin ya fashe, tana raye.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Fensir, kwanan wata, ɗan liƙi, sai a riƙa leƙawa duk wata. Liƙi ya fashe, a daina ɓarnar siminti. To gyaran fa?

Injiniya: Wadda ta tsaya, a faɗaɗa bakinta da kurfi, a share ƙura, a jiƙa, a cusa kwaɓin siminti 1 yashi 3, a shimfiɗa ragar waya ta wuce tsagar da santimita 15 kowane gefe, sannan filasta. Mai motsi kuwa, a tsayar da ruwan tukuna. Idan ba ta daina ba, a ƙarfafa fandishon ta ƙasa: a tona gaɓa mai tsawon mita 1, a zuba kankare, a tsallake gaɓa biyu, a sake tonawa. Wanda ya tone gindin bango gaba ɗaya shi zai kayar da shi da hannunsa.

Mai gabatarwa: Wani ya ce kankaren ƙasan dakin ɗinsa, wato rufin kankare, na ɓallowa, rodi ya fito ya yi ja. Ya zai yi?

Injiniya: Ka ga, laifin tun ranar zubi ne. Rodi na son kankare ya rufe shi, milimita 25 a dakin, 40 a fila, wato ginshiƙi, 50 a fandisho. Shi ya sa ake sa ƙananan dunƙulen siminti a ƙarƙashinsa. Sai ka ga an kwantar da shi a kan katako, leburori na tattakawa, musamman a baranda mai fitowa waje, inda rodin ya kamata ya zauna a sama...

Mai gabatarwa: Injiniya, ranka ya daɗe, mutumin nan kankare ke faɗo masa a ka.

Injiniya: Haka ne. Tsatsa kumbura take yi, ta ninka ƙarfen da ta ci, ita ke tura kankaren. Ya tokare wurin tukuna, ya ƙwanƙwasa da guduma, duk inda ya yi ƙarar fanko a fasa har bayan rodin, a goge da burushin waya sai ya yi haske. Idan ya sirance sosai a ƙara sabo a gefensa, a cike da kwaɓin gyara na musamman. A kuma toshe inda ruwa ke shiga ta sama.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, ana yi mini alama da agogo. Yaushe ake cire tokaran dakin?

Injiniya: Katakon gefen fila bayan kwana 2. Tokara kuwa a ba su kwana 21, ko kafinta na ƙorafin ana jiran katakonsa a wani aikin.

Mai gabatarwa: Kafintoci, ba ni na faɗa ba. Masu tambayar ƙara bene a kan tsohon gida, ku yi haƙuri, da ku za mu fara a mako mai zuwa.