Ƙafar ɗan ƙwallo daban, ƙafar ɗan iyo daban

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kwanaki munje Yankari da wani abokina, ɗan ƙwallo ne na gaske, irin wanda in ya ɗaɗa shot gola sai ya kauce, cinya kamar turmi. Muka shiga ruwan Wikki, kunsan ruwan nan garai-garai kana ganin yashin ƙasa, na bashi allon iyo, ɗan allon nan mai yawo a saman ruwa, nace riƙe da hannu biyu ka buga ƙafa kawai. Wallahi bawan Allah nan yafi rabin minti yana facal-facal yana watsa wa mutane ruwa amma yana nan inda yake, ƙarshe ma baya-baya ya fara yi, yaran dake gefe suna ta dariya.

To meye matsalar? Idon sawu.  Tafin ƙafar abokin nawa a tanƙware yake kamar fartanya, so duk bugun da yayi gaba yake tura ruwan maimakon baya. Ɗan iyo kuwa in ya miƙe ƙafa zakaga yatsu da ƙwauri sun zama layi ɗaya, sawun yayi laushi yana lanƙwasa kamar jelar tarwaɗa. Michael Phelps na Amurka da yaci zinare 8 a Olamfik ɗin Beijing a 2008, cikin abubuwan da ake yawan faɗa akansa harda wannan laushin sawun da kuma faɗin ƙafa.

Na biyu, bugu daga ƙugu yake tasowa ba daga gwiwa ba. Yawancinmu da muka koyi iyo a rafi ko kududdufi tuƙa keke mukeyi a cikin ruwa, gwiwa ta shigo ciki ta koma, kuma duk shigowar nan birki ce. Gwiwa zata ɗan lanƙwasa kaɗan ne kawai, bugun ƙanana da sauri, dunduniya tana ɗan leƙo saman ruwa kamar tukunya ta fara tafasa, ba wai ka jiƙa na bakin ful, wato tafkin iyo, ba.

Abinda zai baku mamaki, a firistayil, wato iyon rub da ciki da ake wurga hannu ɗaya bayan ɗaya, hannu ne yake yawancin jan. Aikin ƙafa shine ta ɗago ƙugu sama jiki ya kwanta samɓal, don da zarar ƙafafu sun nutse to kamar kana jan buhun masara ne a bayanka. Kuma naman cinya akwai cin iska, shiyasa masu dogon zango irin mita 1500 da yawansu bugu 2 sukeyi a kowane zagayen hannu, masu mita 50 da 100 kuma bugu 6, ba ajiyar komai. Iyon kwaɗo, wanda ake tattaro ƙafa a harba kamar kwaɗo, nan ne ƙafa take da babban rabo, shi kuma a bi a hankali don yana cin gwiwa.

Inda ƙafa take cin gasa da gaske shine kurme, bayan an daka tsalle da kuma bayan juyi a bango. Ƙafa biyu a haɗe, jiki yana kaɗawa tun daga ƙirji, ana ce masa bugun dolfin. A Olamfik ɗin Seoul 1988 David Berkoff na Amurka da Daichi Suzuki na Japan sun riƙa shafe sama da rabin ful a ƙarƙashin ruwa a iyon rigingine na mita 100, ƴan kallo sai dai suga ruwa shiru, Suzuki ne ma yaci zinaren. Abin yayi yawa har hukumar iyo ta duniya ta saka doka, yanzu kanka dole ya fito kafin mita 15. Kaga a ful mai mita 25 fiye da rabin tafiyar zaka iya yinta a ƙasa, in ƙafarka da numfashinka zasu kaika.

Tirenin ɗin fa? Allo dai kowa ya sani, kayi mita 25 da ƙarfi ka huta ka sake, amma kar ka daɗe kai a ɗage, wuya da kafaɗa zasu gaya maka, gara ka juya rigingine hannu a miƙe. Wanda nafi so shine bugun tsaye, kaje inda ƙafa bata taɓa ƙasa ka rungume hannu a ƙirji ka riƙe kanka a sama da ƙafa kawai, sakan 30 zakaji cinya ta kama wuta. Takalmin agwagwa, wato na roba mai faɗi da ake sawa a ƙafa don iyo, shima yana buɗe sawu, sai dai wasu sun mai dashi abin lalaci. A tudu kuma tsallen igiya, tsugunna-tashi, sai kayi zaman tahiya akan tabarma amma sawu biyun duka a shimfiɗe ka zauna kan dunduniya minti 1 ko 2 kullum.

Dan Allah kurme da bugun tsaye ba'a yinsu kai kaɗai, mutum yana iya suma a ruwa ba ko ihu, sai da koci ko wani a tsaye a kanka. Kuma ban ce aje dam ɗin Gubi na Bauchi a gwada ba.

Abokin nawa dai yana nan yana zaman tabarma bayan isha'i, yace sawun har ƙara yakeyi. Bidiyo na gaba juyin bango zamu duba.